Ban da Hayaƙi

Ranar Asabar da ta wuce wasu samari biyu suka yi sallama a rumfata da ke bayan gidanmu a Wambai. Ɗaya yana riƙe da waya, ɗayan yana juya makullin babur a yatsa. Suka ce sun ga bidiyon wani aku yana zagin mai gidansa da Turanci, duniya ta yi ta kallo, shi ne suka yanke shawarar shiga harkar. Mai wayar ya ce, "Oga, mu fa ba dogon karatu muke so ba. Gyaɗa ce da ruwa, sai keji. Kawai nuna mana inda ake samo su."

Na ce musu ba na sayar da aku, kula da shi nake yi. Na ajiye musu benci a gaban wani aku da ke wurina yau shekara biyu, na ce su zauna su dube shi, ba magana, ba waya, in an kira la'asar su gaya mini abin da suka gani. Ba su kai rabin sa'a ba. Mai makullin ya ce shi bai ga komai ba sai tsuntsu, tsuntsun ma ko gaisuwa bai iya ba. Da suka fita na ji ɗayan yana cewa mutumin nan rowar sana'a yake yi.

Ba rowa ba ce, baki ne ba ni da shi. Tun ina makaranta, in malami ya yi tambaya nakan san amsa, amma sai in rubuta ta a gefen littafi, na kusa da ni ya faɗa. Yanzu furfura ta fito mini a gemu, ina zuwa karatun ƙarshen mako, kuma har yau a kujerar baya nake zama. Saboda haka abin da na kasa gaya wa samarin nan a rumfa zan rubuta shi a nan, ko Allah zai sa wani ya karanta musu.

Na shiga aikin nan ina da shekara ashirin da uku, ina aji biyu a kwaleji, kuma ba son tsuntsu ne ya kawo ni ba. Maƙwabcinmu Baba Inuwa, wanda ya daɗe yana kula da tsuntsayen wani Bature a Kaduna kafin ya dawo gida, shi ya riƙa kirana in karanta masa rubutun jikin kwalaben magani, don bai yi boko ba. Daga karatun kwalba sai riƙe tawul, daga riƙe tawul sai bin sa gidajen mutane da jaka. Mutum ne mai murya kamar ganga. In ya yi sallama, kafin a amsa ya kai tsakar gida, mata suna rige-rigen neman mayafi, shi kuwa yana cewa su kwantar da hankalinsu, ba wurinsu ya zo ba, wurin mai hankalin gidan ya zo. Ni ina zaure, sai an ce in shigo sau biyu.

Aikin farko da na bi shi gidan Alhaji Bawa ne, tsohon akawu da ya yi ritaya. Matarsa Hajiya Ladi tana da aku mai toka-toka da jar wutsiya, wadda yayanta direban tirela ya kawo mata daga kudu tun suna da ƙuruciya. Ba a gane mace ko namiji a irin wannan da ido, amma Hajiya ta yanke hukunci mace ce, ta sa mata suna Kande. Ƙorafin da aka kira mu a kansa shi ne Kande tana tari, sati uku ke nan, har an jiƙa mata maganin kaji ta ƙi sha. Baba Inuwa ya duba hancinta, ya shafa ƙirjinta, ya duba kashinta, sannan ya nemi tabarma ya zauna. Muka yi ta zama. Can sai ga tarin, busasshe, sau uku a jere, da ɗan nishi a ƙarshe. Baba Inuwa ya tambaya wa yake tari a gidan. Alhaji ya ce babu kowa.

"Alhaji, aku ba ya tari," in ji Baba Inuwa. "Ƙirjinsa ba irin namu ba ne. Wannan tarin mutum ne, kuma na mace. A kai Hajiya asibiti."

Ashe wata biyu ke nan Hajiya takan zagaya bayan madafa, inda kejin yake rataye, ta yi tarinta don kada maigidan ya ji hankalinsa ya tashi. Ta fito daga ɗaki tana dariya tana kiran Kande munafuka, 'yar tonon asiri. Aka kai ta asibiti, aka ɗora ta a kan magani, ta ƙara shekara goma sha huɗu a duniya.

A hanyarmu ta komawa Baba Inuwa ya gaya mini abin da ya fi duk abin da na karanta daga baya. Aku mai surutu, mai ihu, mai cizo, lafiyarsa ƙalau. Mai ciwo shiru yake yi, domin a daji duk wanda ya nuna rauni shaho ne ke karɓar jinyarsa. Sai ya kumbura gashi, ya lumshe ido, wutsiyarsa tana bugawa sama da ƙasa tare da numfashi. In mai gida ya ga haka ya kira ka, to ka riga ka makara da kwana biyu.

Jakar da na gada daga gare shi ita nake ɗauka har yau. Akwai tawul mai kauri a ciki, domin ba a kama aku da hannu tsirara. Bakin da ke fasa kwakwar manja ba zai ji kunyar yatsanka ba. Ana lulluɓe shi ne, a riƙe ta bayan wuya, kuma ba a matsa ƙirji ko kaɗan, don da ƙirjin gaba ɗaya yake numfashi. Na san wanda ya kashe nasa da runguma. Akwai ɗan sikeli irin na masu sayar da gwal. Gashi yana ɓoye rama, sai ka ga tsuntsu ɓul-ɓul alhali ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa. Duk zuwa nakan auna, in rubuta a littafi, kowane tsuntsu da shafinsa. Akwai abin yanke farce, da gwangwanin garin rogo na tsayar da jini in an yanke ya zarce, domin jinin da kai ba za ka kula da shi ba a yatsanka, shi ya isa ya kwantar da shi. Akwai sirinji marar allura na ɗura, da kwalbar feshi ta wanka. Sai tsofaffin jaridu da ake shimfiɗawa a ƙasan keji. Kashin lafiyayyen aku kala uku ne, kore da fari da ɗan ruwa, kuma daga yadda suka sauya ake gane hanta ce, ko ciki, ko tsoro ne kawai. Baba Inuwa yakan ce ni na iya karanta abin da 'yan jarida suka rubuta, shi kuma abin da aku ya rubuta a kai yake karantawa, kuma nasa ya fi gaskiya.

Wani dillalin motoci a Diko ya taɓa kirana a gigice, akunsa yana rawar jiki, yana faɗowa daga kan sanda. Na tambayi abin da yake ci, aka lissafa mini, ban ji abin zargi ba. Ina nan tsaye sai mutumin ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya miƙo mini, ya gutsura, sannan ya tura ragowar ta tsakanin ƙarafan keji. Na ce kullum haka yake yi? Ya ce to shi ya zai ci goro a gaban mai ido bai miƙa masa ba? Wannan dai ya rayu, bayan kwana huɗu ina ɗura masa ruwa. Irin wannan kirkin shi ya fi kashe aku a garin nan, ba mugunta ba. A ba shi shayi da madara don ana sanyi. A yanka masa piya don 'ya'yan itace ne, alhali guba ce gare shi. A cika masa kwano da attarugu wai bakinsa zai buɗe. Attarugu ba ya cutar da shi, ba ya ma jin yajinsa, amma bai taɓa koya wa tsuntsu ko kalma ɗaya ba. Har da masu kankare masa harshe da reza wai ya yi laushi, ba su san ba da harshe yake magana ba, daga can cikin maƙogwaro ne.

Gyaɗa kuwa da samarin nan suke ganin ita ce abinci, kwatankwacin ka yaye yaro da ƙuli-ƙuli ne zalla. Zai ci, zai so, zai yi ƙiba, bayan shekaru gashinsa ya dushe, ƙashinsa ya yi laushi. Abincinsa kwakwar manja ce, da gwanda, da gwaiba, da ɗanyar masara, da karas, da ganyen zogale, da dafaffen wake ba gishiri, da ɗan dakakken ɓawon ƙwai. Gyaɗa ƙwaya biyu ko uku, ta lada. Sannan ya sha hantsi, ya samu reshen gwaiba da zai yi ta ɓarzar ɓawonsa.

Mafi yawan kwastomomina yanzu masu aiki a Abuja ne da ke haya a nan. Su fita bayan sallar asuba don gudun cunkoso, su dawo bayan isha'i, su bar tsuntsu shi kaɗai a falo, tagogi a rufe. Na je wa wasu miji da mata da suka ce nasu yana da ƙwarƙwata, ya tsige gashin ƙirjinsa tas kamar kazar da za a dafa. Babu ƙwarƙwata ko ɗaya. Shekara biyu yana gidan, ba abin da ya iya sai kukan mitar wuta in kati ya kusa ƙarewa, don ita kaɗai ke yi masa magana. Na ce su kai shi gidan da ake wuni, ko su ba wanda yake da lokaci. Matar ta ce ai sun sayo masa madubi. Aku yana kai shekara arba'in, har ya wuce. Wanda ya saye shi don bidiyo, wata uku ya ishe shi.

Da na fara zuwa gidaje ni kaɗai, sai na ƙirƙiro wata dabara da na daɗe ina alfahari da ita. Tunda bayani a gaban mutane yana yi mini wuya, sai na riƙa rubuta kati, in sa a leda, in ɗaure a jikin kowane keji. A sama abin da za a ba shi, a ƙasa da jan biro abin da za a kiyaye: ban da goro, ban da piya, ban da gishiri, ban da shayi, ban da hayaƙi. Baba Inuwa ya sa na karanta masa, ya yi dariya har da tari. Ya ce mutanen da ba sa karanta takardar maganin hawan jininsu su ne za su karanta ta tsuntsu? Ya ce magana a ido ake faɗinta, Tanko, a faɗe ta da ƙarfi, a maimaita har sai an ji haushinka. Na ce to. Ban daina rubuta kati ba, ban kuma fara ɗaga murya ba. Ya rasu ban canza ba.

Bayan rasuwar Hajiya Ladi, Kande ta yi sati biyu ba ta ce uffan ba, ta rage ci, har na fara kawo sirinji. Rannan da safe, ƙarfe takwas, Alhaji Bawa yana zaune a baranda an ajiye masa koko, sai aka ji daga keji, "Malam, ka sha maganinka?" Muryar Hajiya ce sak, har da yadda take jan ƙarshen magana. Malam take ce masa tun kafin ya je Makka, kuma ba ta taɓa sauyawa ba. Waɗanda suke wurin sun ce tsohon bai ko juya ba, ya ce, "Na'am, na sha," sannan ya laluba aljihu ya sha ɗin.

Haka aka yi shekara uku. Idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa duk suna Abuja da Kaduna, sai mai aiki da wani jika. Ba ya karyawa sai Kande ta yi tambayarta ya amsa. Wani lokaci ta yi tarin nan sau uku da nishi, ya ce sannu. Duk wanda yake gidan ya san abin da ke riƙe da tsohon nan, ni ma na sani. Duk ranar Alhamis ina can. Shafinta a littafina ya fi na kowane tsuntsu tsawo, kuma a shekara uku nauyinta bai taɓa sauka da abin da ya kai nauyin ƙwayar dabino biyu ba.

Shekarar da nake kira muguwar shekara damina ce ta yi tsawo. Gyaɗa ta yi hunhuna a buhuna, tsuntsaye suka riƙa kamuwa da ciwon huhu. Na bi gida-gida ina zubar da gyaɗa, ban rasa ko ɗaya daga cikin waɗanda ke hannuna ba, har na fara jin kaina wani abu. A ƙarshen daminar aka sa bikin jikar Alhaji, 'yar babbar 'yarsa Hajiya Rabi, kuma aka ce a gidan kaka za a yi.

Na je ranar Alhamis kamar kullum, ana gobe ɗaurin aure. Tsakar gida cike da mata, an kafa manyan tukwane biyar a kan murhun itace daidai gindin gwaibar da ke gaban baranda. Kejin ba ya nan. Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, hayaniya ta haɗiye ta. Wata dattijuwa ta hango ni ta ce ga likitan aku, a zo a ba shi mata cikin 'yan matan amarya ko bakinsa zai buɗe, tunda attarugu bai yi masa aiki ba. Aka yi ta shewa. Hajiya Rabi ta fito da waya a kunne, ta ce in kwantar da hankalina, ta karanta katina da kanta, tun kafin a hura wuta ta sa aka mayar da Kande ɗakin marigayiya, can ƙurya.

Na ce, a hankali, "Ba hayaƙi dai ko, Hajiya?"

"Haba Likita. Hayaƙin da saboda shi muka gudar da ita? Ɗakin Inna ne fa. Babu ɗakin da ya kai shi tsabta a gidan nan."

Ina jin ƙamshin turaren wuta daga inda nake tsaye. Amma kowane gidan biki haka yake. Tsakanina da ɗakin nan taku ashirin ne, sai dai taku ashirin ɗin ta tsakiyar mata hamsin ne, wasu ana yi musu lalle ƙafafu a waje. Na gaya wa kaina zan dawo Asabar in an watse. Na gaishe da Alhaji a cikin baƙinsa, na tafi. Da Baba Inuwa ne, da ya ratsa su da takalminsa yana faɗa, da an zage shi, da ya fito da kejin a hannu.

Washegari da hantsi jikan Alhaji ya zo a kan babur ya ce Kande ta ƙi tashi. A wannan karon ban tsaya sallama ba. Na tura ƙofar ɗakin, idona ya kawo ruwa nan take. Tagogi biyu a rufe, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Kabbasa uku, wato kwandunan nan da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi a kai, an lulluɓe su da atamfofi da lesukan amarya. Tun jiya da rana ake zuba turare ana ƙarawa don kayan su kama sosai. An zaɓi ɗakin ne saboda shi ne ba a shiga, kuma don albarkar kaka. Kande tana ƙasan keji, baki a buɗe, fukafukai a saki, wutsiya tana bugawa.

Na fitar da ita iska, na naɗe ta a tawul. Abin da take bukata iskar asibiti ce ta cikin tukunya, kuma likitan dabbobin da na san yana da ita a Abuja yake. Na tare mota. Ranar Juma'a ce, hanya a cushe. Ba mu kai Zuba ba bugun wutsiyar ya tsaya a kan cinyata. Na ce wa direba ya sauke ni, na tsallaka titi na hau ta dawowa.

Na iso ana shirin tafiya masallaci. Hajiya Rabi ta tare ni a zaure ta ce kada in gaya wa Baba sai an ɗaura aure. Amma yana zaune a ƙofar ɗakinsa cikin babbar riga, ya ji muryata. Ya ce, "Tanko, matso. Tun safe ba a tambaye ni magani ba." Na durƙusa a gabansa da tawul ɗin a hannu. Ya miƙo hannu ya taɓa tawul ɗin, ya ɗan jima, sannan ya ce a kama shi ya tashi, mutane suna jira.

Da la'asar na haƙa rami a gindin gwaiba, gefen tokar murhu. Ina cikin haƙa wani baƙo cikin 'yan ɗaurin aure ya sunkuyo ya tambaye ni ko zan cire masa jajayen gashin wutsiyar kafin in rufe, wai akwai mai haɗa masa wani taimako da su. Na rufe ta da gashinta cif.

Bayan kwana uku Hajiya Rabi ta aiko aka kira ni. Katin yana hannunta, ta ciro shi daga leda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Karanta mini layin ƙarshe."

Na karanta.

"Hayaƙi ka rubuta. Mun raba ta da hayaƙi. Nuna mini inda ka rubuta turare."

Babu inda na rubuta. Kuma gaskiyarta. A garin nan ka shiga ɗakin kowace mace kasko yana ci, ka tambaye ta ko akwai hayaƙi, za ta ce maka babu. Hayaƙi na itace ne, na bola, na janareta, abin da ke sa tufafi wari. Turare ƙamshi ne. Ka kira turaren mace hayaƙi ka zage ta. Na san wannan tun ina yaro a ɗakin mahaifiyata, na kuma san daga littafi cewa huhun tsuntsu bai san bambancin ba. Shekara da shekaru ina ɗaure kati a keji ban taɓa haɗa sanin nan biyu a layi ɗaya ba. Ita kaɗai ce a duk kwastomomina na tabbata ta karanta katin, kuma ta bi shi.

Labarin da ya zagaya gari daban ne. Aka ce likitan aku ya yi wa tsuntsuwar Alhaji Bawa allura ta mutu. Wasu suka ce sayar da ita na yi a Abuja na dawo da tawul. Kafin ƙarshen shekara gidajen da nake zuwa sun ragu da fiye da rabi, har da dillalin Diko mai goro. Ban bi kowa da bayani ba. Na sauya katin, yanzu ya ce ban da turaren wuta, da na tsinke, da maganin sauro na kunnawa da na fesawa. Kuma ba na ɗaure shi sai na tara duk matan gidan na faɗa da baki, sau biyu, ina kallon ƙasa ina gumi.

Wata biyu bayan bikin Hajiya Rabi ta sake nemana, don babu wani mai aikin a kusa. Alhaji ya rage cin abinci, magani kuma sai an yi da gaske. Ta sayo wani aku a hannun masu manyan motoci a Diko, duk da doka ta hana fataucinsu yanzu. A kwali aka kawo shi, an datse fukafukan da almakashi har tsoka, idonsa bai ma gama rikiɗa daga baƙi zuwa rawaya ba, alamar daga sheƙa aka ɗebo shi. Irinsu goma ake cusawa, a samu biyu da rai. Na yi wata guda kafin ya yarda ya karɓi gwanda daga hannuna. Hajiya Rabi tana da bidiyon Kande a wayarta tana tambayar nan, ta ce a riƙa kunna wa sabon kullum da safe har ya ɗauka. Na ce mata da wuya, aku ya fi ɗaukar maganar da aka faɗa da rai, a gabansa, ana nufin wani da ita. Ta ce a gwada.

Aka yi ta kunnawa. Sati na uku Alhaji ya ce a kashe wayar nan, wannan ba kira ba ne. Aka daina. Amma mai aikin gidan ta gaya mini kullum ƙarfe takwas, in an ajiye masa koko, yakan ɗan karkata kai wajen keji kamar mai saurare, sannan ya yi maganarsa shi kaɗai, ya laluba aljihu. Sabon tsuntsun yana kallonsa da ido ɗaya, bai ce komai ba. Wata bakwai bai ce komai ba.

Alhaji Bawa ya rasu shekara biyu da suka wuce. Bayan sadakar bakwai Hajiya Rabi ta zo rumfata da kanta, direba yana biye da keji. Ta ce ba sayarwa ba ne, ba kuma jinya ba, in riƙe shi kawai, ita ba za ta iya kwana gida ɗaya da shi ba.

Shi ne na zaunar da samarin nan a gabansa. Gaskiyarsu, bai iya gaisuwa ba, bai iya zagi da Turanci ba, ba zai yi wa kowa bidiyo ba. Abu ɗaya ya koya a gidan can, kuma sau ɗaya yake faɗinsa a rana. Ƙarfe takwas na safe, ina canza masa jarida, yakan gyara tsayuwa a kan reshe, ya karkata kai, ya jira kaɗan. Sannan ya ce, da muryar tsoho, "Na'am, na sha."